Na Gyara Madafin Inna Sau Biyu: Darasi Ga Masu Karatun Gini

Da aka nemi mu kawo wa wannan mujalla rubutu kan abin da ya shafi karatunmu, sai na ga gara in kawo kuskuren da na tafka da hannuna, don kuskure ya fi lakca zama a ka. Ni ɗalibin fasahar gini ne, ina shekara ta biyu, kuma ɗan wani ƙauye ne a ƙasar Ɗambatta, arewa da birnin Kano. A dogon hutun da ya wuce aka damƙa mini gyaran madafin mahaifiyata. Na yi aikin, na rushe rabinsa, na sake yi. Abin da na koya tsakanin ginin farko da na biyu shi ne darasinmu na yau.

Yadda madafin yake

Duk wanda ya tashi a karkara ya san irinsa. Ɗaki ne na tubali a kusurwar tsakar gida, tsawonsa mita 3, faɗinsa mita 2.4. Ƙofa ɗaya, ba taga. Rufin ya yi ƙasa har sai babba ya sunkuya, azarar ta yi baƙi ƙirin da kunkunniya. Murhun kuwa duwatsu uku ne. Da rani a waje ake girki, amma in damina ta sauka ko hunturu ya tsananta, dole a koma ciki. A nan Inna take wuni cikin hayaƙi, sau da yawa da jikarta goye a baya.

Shekara biyu ke nan tana fama da tari, idonta kullum jawur yana hawaye. Da aka kai ta asibiti aka ce ta nisanci hayaƙi. Ta yi dariya ta ce, "To wa zai tuƙa tuwon?" Gidanmu mutum goma sha huɗu ake ciyarwa. Yayana da ke aiki a Legas ya turo kuɗin da ya daɗe yana tarawa, ya ce tunda a gida akwai mai karatun gini, ba sai an nemo wani ba.

Kuskuren da na yi

Na zo da kai cike da hotunan kicin na waya. A aji an koya mana cewa tebur ɗin girki yakan kai tsayin santimita 85 zuwa 90, don mai aiki a tsaye kada ya wahalar da bayansa. Ban tambayi kowa komai ba. Na sa birkila ya ɗaga dakali na bulo mai tsayin santimita 90, muka gina murhu a kansa, muka shafe da siminti, na shimfiɗa tayil mai sheƙi a ƙasa. Mutane suka yi ta zuwa kallo. Inna ta ce, "Sannu Injiniya, Allah ya yi albarka."

Kwana uku kacal ta yi girki a ciki. A na huɗu na fito da asuba na tarar ta jera duwatsunta uku a gindin katanga, wuta na ci.

Na ce, "Haba Inna, me kuma ya faru?"

Ta ce, "Ba komai. Zo ka tuƙa mini tuwon dare a murhun naka, sai mu yi magana."

Wallahi da daren nan na gane kurena. Tukunyar ta kai mini ƙirji, muciya ta ƙi juyuwa sai na ɗaga kafaɗa, tukunyar kuma sai rawa take don ba abin da ya riƙe ta. Karan da ake turawa doguwa ce, rabinta na reto a waje, in ta ci sai wutar ta faɗo a ƙafa. Ruwa kaɗan ya zuba a tayil, ƙanwata ta zame da ƙwaryar gari. Kafin mako ya zagayo simintin bakin murhun ya tsattsage. Hayaƙi kuma yana nan yadda yake, tunda taga ɗaya na huda, ita ma ba a inda ya dace ba. Gaskiyar Bahaushe ne, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Darasi na farko: fara da kallo, ba da zane ba

Da na koma littattafaina sai na ga ashe rabin darasin na ɗauka. Kicin na zamani da muke kwaikwayo ya samo asali ne daga wanda wata mai zanen gini 'yar ƙasar Ostiriya, Margarete Schütte-Lihotzky, ta tsara a 1926 don gidajen ma'aikata a birnin Frankfurt na Jamus. Ɗan ƙarami ne, kusan mita 1.9 a faɗi da 3.4 a tsawo, aka kuma gina kimanin 10,000 irinsa. Amma ba daga kanta ta ƙago ma'aunin ba. Ta yi nazarin yadda ake aikin girki, taku nawa ake yi, minti nawa kowane aiki yake ci, sannan ta zana. Hanyar ita ce abin koyi. Ni kuwa sai na kwafo ma'aunin na bar hanyar.

Don haka na ɗauki littafi da tef na zauna kwana biyu ina kallon Inna da matar yayana. Na auna kujerar tsugunno da suke zama. Na auna tukwane uku da aka fi amfani da su, baki da ciki da zurfi. Na lura cewa mai tuƙa tuwo tana buƙatar bakin tukunya ya tsaya mata wajen gwiwa zuwa cinya in tana zaune, don ta danna muciya da nauyin jikinta. Na lura daka da tankaɗe da wanke-wanke duk a waje ake yi. Ashe madafin karkara ba ɗaki ɗaya ba ne: ɗaki ne da filin gabansa.

Darasi na biyu: me ake ƙonawa?

Murhu makamashi yake bi. Yankinmu, daga Ungogo da Minjibir da Dawakin Tofa har zuwa Bichi da Ɗambatta, ƙasa ce mai cike da jama'a, gona na manne da gona, kowace shekara ana nomawa da taki, ba a barin saura. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazarin wannan karkara ta kewayen Kano tun shekarun 1960. A 1990 shi da abokan aikinsa suka fitar da littafi kan itacen girki a Kano, inda suka nuna cewa manoman wannan yanki ba sa ƙarar da itatuwan gonakinsu, renonsu suke yi. Duk ɗan ƙauye ya san haka. Kowace ɗorawa, kuka, tsamiya da gawo tana da mai ita. Ba daji ba ne da za ka shiga ka saro. Sai dai a yi sassabe, a rage reshen darbejiya ko na marke.

Shi ya sa daga kaka har tsakiyar rani karan dawa da na gero ne babban makamashinmu, kuma shi ma ana rububinsa: da shi ake danni, dabbobi na cin ganyensa. In ya ƙare a koma itacen saye. Saboda haka murhun da ba ya karɓar kara bai dace da gidanmu ba, kuma duk damin da aka rage ƙonawa kuɗi ne ya zauna a aljihu. Kara tana ci da sauri, tana barin toka da yawa, tana son a riƙa tura ta a hankali. Wannan ya nuna bakin murhu ya zama ƙasa-ƙasa, da shimfiɗa a gabansa inda doguwar kara za ta kwanta.

Darasi na uku: hayaƙi ba ƙaramin abu ba ne

Mun saba da shi har muna ganin ba komai. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a shekarar 2020, cikinsu har da yara 'yan ƙasa da shekara biyar fiye da 237,000. Sama da mutum biliyan 2 a duniya har yanzu da itace, gawayi, kara, kashin dabbobi ko kananzir suke girki. Ƙananan ɓurɓushin da ke cikin hayaƙi suna shiga can cikin huhu, suna jawo namoniya ga yara, ciwon huhu mai daɗewa da ciwon zuciya ga manya, har da yanar ido. Mata da goyonsu su suka fi shaƙa.

Dokar fitar da hayaƙi mai sauƙi ce: iska mai zafi sama take yi. Tana buƙatar mafita a sama da mashiga a ƙasa, a bango daban-daban. Taga ɗaya a tsakiyar bango, irin wadda na fara yi, ba ta wadatar.

Sai kuma ka san iskar garinku. Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, iska daga arewa maso gabas take busowa. Da damina iskar yau da kullum daga kudu maso yamma take, amma hadari da ruwa mai duka daga gabas suke tasowa. Shi ya sa magina na da suke ba bangon gabas kulawa ta musamman. Ga abin da muka yi a karo na biyu: bangon gabas muka bar shi ba taga. Ƙofa tana kallon kudu. A bangon arewa muka huda ƙananan kafofi uku, kamar taki ɗaya daga ƙasa, muka sa musu raga saboda ɓera da maciji. A bangon yamma muka buɗe babbar taga can sama. Muka kuma bar tazarar kusan santimita 20 tsakanin kan bango da kwano, ita ma da raga.

Darasi na huɗu: murhun kansa

A murhun duwatsu uku yawancin zafin wutar a banza yake tafiya, iska ta kwashe ta gefe. Abin da ke shiga tukunya sau da yawa bai wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ba. An daɗe ana neman gyara. A Jamhuriyar Nijar an yaɗa murhun ƙarfe mai suna Mai Sauƙi da na laka mai suna Albarka tun shekarun 1980. A Sakkwato, cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta yi aiki a kan ingantattun murhu. A Amurka kuma Larry Winiarski ya tsara ƙa'idojin murhun da ake kira roket a farkon shekarun 1980. Duk tushensu ɗaya ne: a killace wuta, a ba ta iska ta ƙasa, a tilasta wa zafi ya goga jikin tukunya kafin ya fita.

Da na rushe dakalin, ba birkila na kira ba. Wata tsohuwa mai ginin tukwane a ƙauyen da ke kusa da mu na je na gaida. Ta dubi simintin da ya fashe ta ce, "Ɗan nan, siminti ai ba ya shiri da wuta. Kawo ƙasar suri." Da gaskiyarta. Siminti in ya sha zafi sosai yana rasa ruwan da ya ɗaure shi, sai ya tsage, ya rududduge. Yumɓu kuwa wuta ƙara masa ƙarfi take yi.

Muka kwaɓa ƙasar suri da yashi kaɗan da ƙaiƙayi, muka bar ta ta kwana uku ana tattakawa. Amfanin ƙaiƙayin shi ne in ya ƙone yana barin ƙananan ramuka a cikin laka, su kuma suna hana zafi zurarewa cikin jikin murhun. Muka jera jan bulo a ciki inda harshen wuta yake, muka lulluɓe da lakar. Tsayin murhun gaba ɗaya santimita 40. Baki biyu ne: na gaba na tukunyar tuwo, na baya na miya ko ruwan zafi, wanda yake cin zafin da ya wuce na farko. Da tukwanen Inna muka fitar da bakunan, yadda kowace za ta nutse har fiye da rabinta, ta zauna daram ko ana tuƙi. Tsakanin cikin tukunya da bangon murhu mun bar tazarar kamar kaurin yatsa, don zafi ya bi ta nan. A gaban ƙofar wuta muka yi shimfiɗar laka mai tsawon kamu biyu don kara.

Daga bayan baki na biyu bututun hayaƙi ya tashi. Maƙerin fari ne ya naɗa mana shi a kasuwar Ɗambatta ranar Lahadi, faɗin bakinsa inci 4, da 'yar hula a kai saboda ruwa. Ya zarce kwano da fiye da santimita 60, kuma inda ya ratsa rufi mun nisanta shi da katako. A kula da abu biyu. Na ɗaya, kada a hura wuta sai murhun ya bushe sarai. Namu mun ba shi mako uku, sannan muka fara da 'yar wuta kaɗan. Na biyu, bututu yana toshewa da kunkunniya. In ba a kakkaɓe shi duk bayan mako biyu ko uku ba, hayaƙin ɗaki zai dawo, kuma kunkunniyar kanta tana iya kamawa da wuta.

Darasi na biyar: bango, rufi da daɓe

Ba duk tsohon abu ne abin rushewa ba. Bango uku na tubali lafiyarsu ƙalau, sai muka ƙara musu tsayi zuwa mita 2.5 muka sake yaɓe da laka. Ban shafa musu siminti ba, domin siminti ba ya kama jikin ƙasa da kyau. Yakan ɓamɓare, ruwa ya shige bayansa ya ci bangon ba a sani ba. Kakanninmu da makuba suke kare bango, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa. Mu dai mun zazzago da bakin kwano ya rufa wa bangon, musamman ta gabas.

Bangon kudu ne ya zube, shi muka tayar da bulo inci 6. Ga lissafin don masu koyo. Tsawo mita 3 sau tsayi 2.5, murabba'in mita 7.5 ke nan. A cire ƙofa mai faɗin 0.9 da tsayin 2.1, kusan 1.9, saura 5.6. Bulo 10 ne suke rufe murabba'in mita ɗaya, ka ga 56 ke nan. Muka sayi 60 saboda fashewa. Daɓe kuwa: 3 sau 2.4 ya ba da 7.2, a kaurin santimita 7.5 ya zama kubik mita 0.54 na kankare. A haɗin 1:2:4, wato siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, kubik mita ɗaya yana cin buhu 6 da ɗoriya mai kilo 50, don haka buhu 4 ya ishe mu har da gyaran fuska. Farashi kullum canzawa yake, a Ƙofar Ruwa ne ko a Ɗambatta. Ka riƙe adadi a hannu, ka tambayi kuɗi ranar saye, ka kuma sa kuɗin mota a lissafi.

Tayil ɗin nan mai santsi na ɓamɓare shi. Sabon daɓen mun bar fuskarsa da ɗan kaushi, mun ɗaga shi sama da tsakar gida da santimita 15 don kada ruwan Agusta ya shigo, mun karkata shi santimita 2 a kowace mita zuwa rariya. Kwana bakwai muna yayyafa masa ruwa. Katakon rufi mun shafe shi da maganin gara, mun ɗaure shi da bango da waya mai kauri saboda guguwar farkon damina. Silin na roba kuwa kada ma a fara a saman wuta.

Darasi na shida: ruwa, ajiya da tsaro

A gaban ƙofa muka yi rumfa da ɗan dakalin wanke-wanke, ruwansa na bi ta kwata zuwa rami mai tsakuwa a bayan katanga, ba ya kwanciya ya tara sauro. Randa na kan gindinta a inuwa, da murfi. Tayil ɗin da na cire ma bai tafi a banza ba: shi muka shimfiɗa a kan kantoci biyu na jikin bango, inda ake ajiye gishiri, daddawa, kuka da man gyaɗa, sama da inda hannun yara zai kai. Tarin kara kuwa muka mayar da shi can nesa, ba kusa da madafi ba, ba kusa da rumbu ba. Na girki ɗaya ake shigowa da shi. Gobarar hunturu a ƙauye yawanci daga tartsatsi ɗaya take farawa.

Matar yayana tana da ƙaramar tukunyar gas mai kilo 6 don shayi da ɗumame. Mun ware mata kusurwa nesa da murhun itace, kusa da kafofin nan na ƙasa. Dalili: gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in ya yi yoyo ƙasa yake kwanciya, taga ta sama ba za ta fitar da shi ba. Ana gwada yoyo da ruwan sabulu, in ya yi kumfa akwai matsala. Ba a gwadawa da ashana. Gawayi kuma, don Allah a gaya wa na gida: kada a shiga da kurfoti ɗakin kwana a rufe ƙofa don jin ɗumi. Yana fitar da iskar kabon monoksaid, ba ta da launi ba ta da wari, tana kashe mutum yana barci.

Abin da ya biyo baya

Ba zan ce hayaƙi ya ƙare ƙaf ba. Lokacin hura wuta, ko in kara ta jiƙe, yana ɗan tashi. Tarin Inna ma bai rabu da ita duka ba, tana ci gaba da zuwa asibiti. Amma yanzu mutum zai zauna a madafin har a sauke tuwo idonsa bai yi hawaye ba, kuma damin karan da yake yi mana kwana biyu yanzu yana kai uku. Kuskurena ya cinye kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin yayana. Na kira shi na faɗa masa gaskiya. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To, kuɗin makaranta ne na biya."

'Yan uwa, da yawanmu daga irin waɗannan gidaje muka fito, kuma can za a fara neman mu da aiki kafin wani kamfani ya san da mu. In aka ba ka gyaran madafi, kafin ka buɗe littafin zane ka ɗauki tef ka je ka zauna kusa da mai girkin. Ka tambaye ta me take dafawa, wa mutum nawa, da wace tukunya, da wane makamashi, a zaune ko a tsaye. In da hali ka karɓi muciyar ka tuƙa da kanka. Masu neman abin da za su yi bincike a kai na kammala karatu kuma, ga fili: ku auna itacen da gida yake ƙonawa kwana uku kafin gyara da kwana uku bayan gyara, ku rubuta abin da kuka gani.

Duwatsun nan uku har yanzu suna nan a gindin katanga. Na ce a zubar, Inna ta ce a bar mata kayanta, ranar biki ko suna babbar tukunya ba za ta shiga murhuna ba. Nan ma ta fi ni gaskiya. Allah ya saka wa iyayenmu da alheri, ya sa karatunmu ya amfane su.